Maganin da Ake Takawa

Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, mace ce da ba a san ta da zama ba. Tun ina yarinya a Unguwar Lalle na buɗe ido na gan ta a kan hanya: barkar haihuwa, gaisuwar rashi, gonarta ta wake da kuɓewa a bayan gari, ko Kurawa wurin danginta, duk a ƙasa, da ƙullin kaya a ka. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, yakan tsokane ta ya ce shi dai ya biya sadaki, amma hanya ce ta samu mata. Ita kuwa ko a jikinta, takan ce ƙafar da Allah ya ba ta ba ta ajiya ba ce.

Bayan rasuwarsa da 'yan shekaru gwiwarta ta hagu ta fara ciwo. Ba ta gaya wa kowa ba, don Inna tana ganin faɗin ciwo kamar roƙo ne. Ni na gano da kaina, wata Asabar da na zo daga Sabon Birni, inda nake aure nake kuma koyarwa a firamare. Ta idar da sallar la'asar ta kasa miƙewa, sai da ta ja jiki ta dafa turmi. Da ta ga ina kallonta sai ta hau faɗa wai an bar turmi a tsakar gida kamar ba mata a gidan, alhali ita kaɗai ce mace a gidan.

Daga nan gwiwar ta shiga hannun masoya, ta kuwa sha wahala. Wanzami ya zo ya kafa mata ƙaho. Wata tsohuwa ta yi mata tsaga ta goga baƙin magani. An shafa man kaɗe, an ɗaura ganye mai zafi, an wanke allo an shafa, mai kemis ma ya ba da nasa man mai yaji da ke sa mutum hawaye tun daga ƙofar ɗaki. Kowa ya zo gwiwar yake nufa, don a wurinmu inda ciwo yake nan magani yake zuwa. Takan samu sauƙi na kwana biyu, ta fita yawonta, ta komo tana jan ƙafa.

Da ciwon gwiwa ne kawai, da mun bar shi a matsayin tsufa. Amma kowa ya san yadda ƙasarmu ta koma a shekarun nan. Akan wayi gari a ji an ce mutanen daji sun ɓullo ta wani ƙauye, sai kowa ya ɗauki abin da zai iya ya nufi inda ya fi tsaro, in ƙura ta lafa a komo. A irin wannan rana ba a tambayar shekarun mutum, ƙafarsa ake tambaya.

Wana, babban ɗanta, wanda muke kira Yaya, yana aiki a Sakkwato. Ya zo gab da faɗuwar damina, ya ga yadda take tafiya daga ɗaki zuwa madafa tana dafa bango. Ya durƙusa a gabanta, kansa a ƙasa, ya yi magana cikin ladabi, amma magana ce wadda ya riga ya yanke tun a mota. Ya ce zai bar ta ta ga amfanin gonarta na bana. In an gama girbi ƙafar ba ta warware ba, zai zo ya tafi da ita Sakkwato, ta zauna a gidansa gaba ɗaya. Ya ce ba zai iya barci ba yana sane da cewa in an ce a tashi, uwarsa sai an goya ta.

Inna ta taɓa zama a gidan nasa na ɗan lokaci, lokacin da matarsa ta haihu, ta komo a rame. Ba wanda ya ɓata mata. Surukarta mutuniyar kirki ce, har ruwan alwala take ɗumama mata. Abin da ya dame ta shi ne gida ne mai ƙofar ƙarfe, ba mai shigowa sai ya buga waya. Ta ce mini a can an ajiye ta ne kamar buhun da ba a tashi buɗewa ba. Yaya ya gama maganarsa ya tashi. Sai da ya fita ta dube ni.

"Ba ni zuwa," ta ce. "Nan anka kawo ni, nan za a hid da ni."

Ni ina bayanta, kuma ba na ɓoyewa. Rabi don na san zaman can zai kashe ta kafin lokacinta, rabi kuma don Yaya yana ba ni haushi. Mutum ne da yake zuwa gida sau ɗaya a wani dogon lokaci, ya tsara wa kowa rayuwarsa kafin shayinsa ya huce, ya shiga mota. Ni ce ta kusa, ni ce mai zuwa duk ƙarshen mako, amma ba a tambaye ni ba. Na ƙudura a raina cewa kafin a ɗaure damin ƙarshe sai gwiwar nan ta miƙe.

Wata abokiyar aikina ce ta ba ni labarin wata ma'aikaciyar asibiti a Isa da ta karanci gashin ƙashi, wato gyaran gaɓoɓi ta hanyar motsa jiki ba tare da allura ba. Ita ta taimaki mijinta bayan ɓarin jikinsa ya shanye. Na sha fama kafin Inna ta yarda, don ta ce an fara shuka, wa zai bar gona ya tafi asibiti. Na ce mata to ta zauna, motar Yaya na nan tafe. Washegari na tarar ta riga ni shiryawa.

Likitar matashiya ce, ba ta kai ni shekaru ba, Bagobira ce ta wajenmu. Muna shiga Inna ta zauna ta ɗage zani ta miƙa gwiwar, kamar wadda ta kawo mai laifi gaban alƙali. Likitar ta duba, ta latsa nan ta latsa can, ta lanƙwasa ta miƙe, ta ga tabon tsaga da na ƙaho. Sai ta ce Inna ta cire silifas ta taka zuwa bakin ƙofa ta komo. Inna ta je ta komo. Ta ce ta ƙara. Wannan karon ta tsuguna a bayanta tana kallon diddigenta. Da Inna ta zo wucewa ta kusa da ni sai ta rage murya.

"Wagga ɗiya lahiyarta ƙalau? Na kawo mata gwiwa tana kallon diddige."

Ba a nan abin ya tsaya ba. Aka kawo ruwa a roba, aka ce ta tsoma ƙafafunta ta taka simintin baranda. Muka tsaya mu uku muna kallon sawu. Na dama yana da ɗan rami a tsakiya ta ciki, kamar sawun kowa. Na hagu kuwa ya fito a shimfiɗe, cikakke, kuma yatsun sun karkata waje. Likitar ta ɗauki silifas ɗin Inna ta kifa su. Na hagu ya cinye ta gefen ciki har ya kusa hujewa, na dama yana nan da sauransa. Shekara da shekaru ina ganin Inna tana canza takalmi, kullum na hagu ke fara mutuwa, muna cewa 'yan kasuwa ne ba sa tsoron Allah.

Likitar ta tambayi Inna ko ta taɓa jin ciwo a wannan ƙafar. Inna ta ce ko kusa. Can kuma ta tuna cewa ta taɓa zamewa a hanyar rijiya da damina, idon sawunta ya yi targaɗe, mai ɗori ya ja ya ɗaure, kafin ya warke ta koma gona saboda ciyawa ba ta jiran kowa. Da aka tambaye ta yaushe, sai ta nuna ni da haɓa ta ce lokacin wannan ce a bayanta, kuma tun a goye nauyin tsiya gare ni. Likitar ta yi dariya, ni ma na yi, ko da yake ban ga dalilin da za a tone mini asiri a gaban baƙuwa ba.

Sai likitar ta juyo wurina ta yi bayani. Ta ce tun daga wancan targaɗen tafin ƙafar ya riƙa faɗawa ciki, ƙaurin ya bi shi, ita kuma gwiwa tana murɗewa kaɗan a duk taku. Da ƙuruciya jiki ya shanye, yanzu ya gaji. Ta ce akwai tsufa a gwiwar, wannan ba mai cire shi, amma in aka tallafi tafin ƙafar aka ƙarfafa naman cinya da na ƙugu, ciwon zai ragu sosai. Ni take kallo tana magana, don ni ce mai gilashi da jaka, Inna kuwa tana gefe tana gyaɗa kai irin na ladabi. Na san wannan gyaɗa kan, shi take yi wa masu wa'azin rediyo, amma ranar murna ta hana ni lura.

Likitar ta ba mu wani abu na roba mai tauri, siffar tafin ƙafa, da ɗan tudu a gefen ciki, ta ce a sa shi a cikin takalmi mai maɗauri a baya, a daina silifas. Ta kuma koya wa Inna motsa jiki: ta dafa bango ta ɗaga diddige ta sauke a hankali, ta kwanta ta gefe ta ɗaga ƙafa, ta zauna a kan turmi ta miƙe ba tare da dafa komai ba, ta kuma riƙa tsintar ƙananan abubuwa da yatsun ƙafa. Ta ce mu komo in an kwana biyu.

Na sayo takalmin a kasuwar Sabon Birni. Inna ta juya shi ta ce irin na masu allurar rigakafi ne, saura a ba ta akwatin ƙanƙara ta rataya. Duk da haka ta karɓa. Na sa robar a ciki da hannuna, na ɗaura mata, na ga ta taka, na koma gidana da zuciya fara.

Motsa jikin kam ta riƙe shi, don Inna tana girmama duk abin da ke sa gumi. Sai dai a ɗaki take yi, ta saki labule, kada maƙwabta su shigo su tarar da tsohuwa tana tsintar ƙwallon aduwa da yatsun ƙafa su ce ta fara taɓuwa. Takalmin ma tana sawa, na gani da idona duk zuwan da na yi. Amma aka yi noman farko, aka yi maimai, gero ya kai ƙugu, tafiyarta tana nan yadda take. Ta ɗan ƙara ƙarfin tashi, shi ke nan. In ta je gona ta komo sai gwiwar ta kumbura. Yaya yana bugo waya yana tambaya, ina ce masa da sauƙi, yana cewa to madalla da wata murya da ke nuna ya riga ya sa an share ɗaki. Na fara jin tsoro, na kuma fara zargin likitar a raina.

Da gero ya fara fitar da kai muka koma Isa. Likitar ta sa Inna ta taka, ta tsuguna ta kalla, na ga fuskarta ta canza. Ta ce a ba ta takalmin hagu. Ta zura hannu, ba komai a ciki.

"Inna, ina abin da nac ce a sa ciki?"

Inna ta gyara zama irin na wadda aka zo wurin da za a yabe ta. Ta ɗage zani. Ga robar nan a kan gwiwa, an naɗe ta da farin ƙyalle mai tsabta, an ɗaure tam da igiyar zani.

"Ga shi nan, ɗiyata. Ban taɓa rabuwa da shi ba, sai in za ni kewayawa."

Raina ya ɓaci. Damina ta yi nisa, ga Yaya yana jira, ga hanyar Isa da ba a shiga sai da addu'a, ashe duk wannan lokacin abin yana ɗaure a inda ba ya da aiki. Na ce mata ba a takalmi na sa mata ba? Wa ya ce ta cire? Muryata ta fi yadda ya kamata 'ya ta yi wa uwarta a gaban mutane. Inna ba ta dube ni ba, sai ta dubi likitar.

"Magani ana taka shi? Tun da uwata ta haihe ni ban taɓa jin haka ba. Ko ƙetare shi anka yi ya karye, balle a aza mishi ƙahwa a shiga turɓaya da kashin awaki. Na ce yarinya ta, ta yi mantuwa. Kuma ciwon ga gwiwa shi ke."

Gaskiyarta ce ta wani fanni, don a haka muka taso. A gidanmu ba a ajiye magani a ƙasa, ba a tsallake shi, a rataye yake a jikin bango ko a cikin ƙwarya a kan gado. Ni kaina har yau ba na iya barin ƙwayar asibiti a inda ƙafa ke bi. Da likitar ta kwance ƙyallen sai muka ga fatar wurin ta yi ja, ta saɓule saboda zafi da gumi. Da wannan take zuwa gona, da shi take kwana, ba ta taɓa cewa yana damunta ba. Fushina ya tafi, tausayinta ya kama ni har na kasa haɗa ido da ita. Duk abin da take ganin zai hana a raba ta da ɗakinta ta yi shi, iyakar saninta.

Likitar ba ta yi dariya ba, kuma har gobe ina ganin girmanta saboda wannan. Ta ce laifinta ne, ta yi wa mai rakiya bayani ta bar mai ƙafa. Ta wanke wurin ta shafa magani. Sannan ta jawo 'yar kujera ta zauna ƙasa da Inna, ta tambaye ta ko tana da rumbu. Inna ta ce rumbunta ya girmi likitar. Ta tambaye ta, in dutse ɗaya daga cikin waɗanda rumbun ke zaune a kai ya nutse, ina tsagewa take fitowa? Inna ta ce a sama, wajen wuya. Ta ce in aka yaɓe tsagewar fa? Inna ta ce aikin banza, baɗi ma sai ta buɗe, sai dai a ɗaga gindin a sa wani dutse. Tana faɗin haka sai ta dubi robar, ta dubi ƙafarta.

"Ashe dutse na kinka ba ni."

"Dutse na, Inna. Ba magani ba na."

"To mi ya hana ki ce haka tun hwarko?"

Na ɗauka an gama, ashe da saura. Da likitar ta ɗauki robar za ta mayar cikin takalmi, Inna ta riƙe hannunta. Ta ce wannan dai ba za a taka shi ba, don ta riga ta aika da shi wurin liman ya yi masa tofi. Ko da can dutse ne, yanzu akwai sunan Allah a kansa. Na buɗe baki, likitar ta yi mini alama da ido in yi shiru. Ta shiga ciki ta fito da fallen roba da almakashi, ta auna ƙafar Inna, ta yanka wani sabo a gabanta, ta manna tudun tana nuna mata, don ta ga ba abin da ke ciki sai abin da ake yin gindin takalmi da shi. Na farkon kuma ta ce ta tafi da shi ta rataye a ɗaki, kada dai ta ƙara ɗaure fata da shi. A hanyar komawa muka tsaya wurin baduku ya shimfiɗa fata a kai ya ɗinke, yadda ba mai cirewa ko da an sake shawara.

A wannan zuwan ne likitar ta fara koya mata tafiya. Ta ja layi da alli a baranda, ta ce diddige ya fara sauka, yatsu su dubi gaba, gwiwa ta bi saitin yatsu kada ta faɗa ciki. Inna ta ce ita da ta aurar da jikoki yau ita ake yi wa tatata. Amma ta taka layin, ta komo, ta sake, tana cije leɓe.

Makon farko ta kira ni ta ce dutsen nan yana cin ta a tafin ƙafa, ƙaurinta kuma kamar an yi mata duka. Na buga wa likitar, ta ce haka ne, ta riƙa sa shi na ɗan lokaci tana hutawa har ƙafar ta saba. Wurin koyon tafiya kuwa Inna ta samo nata. Ba ta da baranda, ba ta kuma son 'yan kallo, sai ta riƙa shiga gona da sassafe tana bin kwarin kunya, wanda yake miƙe kamar layin allin, ga gero ya fi ta tsawo ba mai ganinta. Wata safiya na bi ta a baya ba ta sani ba. Na ji tana yi wa ƙafar faɗa a hankali, tana ce mata ta dubi gabanta, mi take nema a waje. Na tsaya cikin geron na yi dariya, sannan na share hawaye.

Sauƙin bai zo a rana ɗaya ba, kuma ba zan ce ta warke ba. Da sanyin safiya gwiwar takan yi tsami, tsugunno mai tsawo kuma ya fita daga rayuwarta. Amma kumburin ya daina zuwa. Ta daina dafa bango. Ranar da aka yi rasuwa a wata unguwa can ƙarshen gari, sai a bakin mutane na ji cewa an ga Inna a wurin gaisuwa, da takalmin masu rigakafi.

Aka yanke gero, aka ɗaure, aka kai rumbu. Yaya ya cika alkawarinsa, ya zo da mota, har da matashin kai a kujerar baya. Ni ma na zo tun da safe don na san ranar ce. Bayan gaisuwa da fura, kafin ya buɗe baki, Inna ta ɗaura takalminta ta ce ya tashi ya raka ta fadama ta duba dawar da ba a yanke ba. Fadamar tana da nisa, kuma hanyar yashi ce. Ya ce a shiga mota. Ta ce ita ba ta san hanyar mota ba.

Muka tafi, tana gaba, yana binta, ni ina can baya idona a kan diddigenta kamar yadda na ga likitar tana yi. Ta je ba ta tsaya ba. Ta zagaya dawar, ta murza zangarniya ɗaya ta duba, ta juyo. A komowa, wajen rabin hanya, na ga ƙafar hagun ta fara neman faɗawa ciki, na ga kuma yadda ta ƙara tattara ƙarfinta ta miƙar da ita. Yaya bai gani ba, yana fama da yashi a cikin takalminsa. Ta shiga gida da ƙafarta, ta zauna a kan turmi, ta ce a ba ɗan birni ruwa.

Bayan azahar ya kira ni zaure. Na zo da shirin faɗa, na tanadi maganganu tun daga Sabon Birni. Sai na tarar da shi zaune ya haɗa kai da gwiwa, ya tsufa fiye da yadda nake ɗaukarsa.

"Ke ta kusa da ita," ya ce. "Gaya min gaskiya. In anka ce a gudu, tana iyawa?"

Shekara nawa ina jiran ya tambaye ni ra'ayina, ranar da ya tambaya kuma na so da bai yi ba. Na ga cewa ba iko yake nunawa ba, tsoro ne yake cinsa, irin wanda ni ma nake ji nake dannewa. Na ce masa gudu kam ba ta iyawa. Tafiya tana yi, mai nisa ma, in ba a gaggauta ta ba, amma in ta gaji ƙafar tana komawa halinta. Ban ƙara ba ban rage ba.

Ashe Inna tana bakin ƙofar zauren. Ta shigo ba ta dafa komai ba.

"Gudu ko ina budurwa ban iya shi ba," ta ce. "Amma in anka ce a tashi, ba mai goya ni. Za ni bi mutane da ƙahwata, inda sunka kwana in kwana. Abin da kac ce ke nan, kuma ka gani. Ka bar ni ɗakina."

Yaya ya ɗago ya dube ta. Sai ya ce ta yi masa alkawari ɗaya, duk ranar da aka ce a tashi, kada ta tsaya kama awaki. Ta ce ta ji. Ya ce wayarta kuma kada ta ƙara mutuwa. Ta ce wannan ya gaya wa mai cajin bakin kasuwa. Aka sa masa buhun gero da na wake a inda ya tanadar mata, ya tafi tun rana tana sama.

Na samu abin da na yi damina guda ina nema, na kuma zaci zan yi murna. Da motar ta ɓace sai na ji gabana yana faɗuwa. Ni na kai ta Isa, ni na sayo takalmin, ni na ba da shaidar da aka bar ta a kanta. Da gwiwar ta ƙi, da yanzu tana bayan ƙofar ƙarfe tana ƙunci, amma da na san inda take kwana lafiya. Ban yi nadama ba, don na ga fuskarta lokacin da ta koma tsakar gida ta hau kiran awakinta. Sai dai tun daga ranar nauyin ya bar kan Yaya ya komo kaina.

Ita ta kore ni kafin la'asar, ta ce hanya ba ta da kyau in rana ta yi sanyi. Ta raka ni har inda ake hawa babur, ta tsaya sai da muka tashi. Na waiwaya na gan ta ta juya ta nufi gida ita kaɗai, tana taku a hankali. Har yau kullum da safe sai na kira ta, kuma ba na iya sa komai a bakina sai ta ɗauka.